Abin da akwatin NAS ya koya min a Asafo

Wallahi ranar da Alhaji ya shigo da akwatin nan shagonmu na buga takardu a Asafo na ɗauka aikin awa ɗaya ne. Akwatin ajiye fayiloli ne da kwamfutoci ke shiga ta netwok, NAS ake ce masa, ƙirar Synology mai cin diski biyu, kowanne tera 4, ya ce ya gaji da yawo da filash daga wannan kwamfuta zuwa waccan kullum ana kwaso bairos. Na jona shi da rauta, na kunna SMB, hanyar da Windows ke raba folda ta netwok, tunda duk Windows muke aiki da shi, na buɗe folda ɗaya na sa mata suna AIKI, kowa ya gan ta a kwamfutarsa, har waakye Alhaji ya saya min ranar.

Adireshin IP, wato lambar da kwamfutoci ke gane akwatin da ita a netwok, shi ne ya fara kunyata ni, ban kafe shi ba. Dumsor, wato ɗauke wuta, ya zo, wuta ta dawo, rauta ta ba akwatin wata lamba daban, sai ihu wai folda ta ɓace. Wannan kam gyaran minti biyar ne.

Inda na ci ƙasa shi ne wajen izini. Don gudun wahala suna ɗaya da fasuwod ɗaya na ba kowa, kuma mai ikon rubutawa da gogewa, har yaron da ya fara koyon aiki sati biyu da suka wuce. Ran wata Alhamis yaron nan wai yana share tarkace, ya haɗa da foldar fostocin jana'iza na wata mata, kuma kun san Kumasi da jana'izar Asabar ba wasa. Na ce Alhaji kwantar da hankalinka, ai diski biyu ne. Ashe RAID 1, tsarin da diski biyun suke kai, madubi ne kawai, abin da ka goge a ɗaya nan take ya tafi a ɗayan, amfaninsa sai in diski ya mutu. Kuma abin da aka goge ta netwok ba ya faɗawa kwandon sharar Windows, akwatin yana da nasa kwandon, ni kuwa ban kunna ba. Alhaji ya kalle ni ya ce, "To Malam injiniya, na biyun ado na saya?" Sai ƙarfe 2 na dare na bar shagon, ina sake zana fosta daga hotunan da matar ta turo ta WhatsApp.

Yanzu kowa da sunansa, masu koyo kallo kawai suke iya yi, kwandon yana kunne, kuma duk Juma'a ina kwafe komai a wani diski da ke kwana gidan Alhaji a Aboabo.

Rigimar da ta rage ta tsohuwar sikana ce, SMB1 kaɗai ta sani, wato tsohon samfurin SMB, shi ne kuwa ƙofar da bairos ɗin WannaCry ya bi ya yi ɓarna a 2017. Alhaji ya ce kunna mata mana, na ce Baba ka yi haƙuri ba da ni ba. Har yau ita kaɗai ake kai wa filash, kuma kullum sai ya yi mita.