Yadda na koyi karanta fitilun da ke jikin mitar wuta

Ni ke kula da gidan mahaifinmu a Kano, gida mai sashe biyu da shagon tela a gaba, kuma tun da aka raba mu da bil na ƙiyasi aka maƙala mana mitocin kati guda uku, duk wata matsalar wuta a kaina take ƙarewa. Masu haya ba sa neman kamfani, ni suke nema, kuma ƙorafin kusan ɗaya ne kullum, wato jar fitila tana ƙiftawa a jikin mita. Sai da na ɗauki lokaci ina lura da mitocin, a ranar da suke lafiya da ranar da suka ƙi, kafin na gane cewa ƙananan fitilun nan biyu ko uku kowacce da aikinta daban, kuma wadda ta fi tayar wa mutane hankali ita ce wadda ba ta nuna wani lahani.

Wannan jar fitila mai ƙiftawa lissafi take yi. A kusa da ita akwai rubutu ƙarami, a namu 1000 imp/kWh, a wasu mitocin 1600 ko 3200, kuma ma'anarsa yawan ƙiftawar da za ta yi kafin yunit ɗaya ya tafi. Dutsen guga mai cin wat 1000 zai sa tamu ta ƙifta sau ɗaya a kowace daƙiƙa uku da rabi da ɗan ɗoriya, yayin da ƙwan fitila mai wat 10 sai ya yi minti shida kafin ya jawo ƙiftawa ɗaya. Da na fahimci haka sai ta zama mini ma'auni. Nakan tsaya gaban mita da agogon waya, in sa yaro ya kunna kayan gida ɗaya bayan ɗaya, in ga wanne ne ke sa ta sauri. Ta haka na nuna wa matan gida cewa fankokin da ake zargi da cinye kati ba su kai hitar dafa ruwa da ake tsoma wa a bokiti ɓarna ba, ko kusa.

Fitila ta biyu ta kuɗi ce, tana zama kore idan akwai yunit da yawa, ta koma ja ko ta shiga ƙiftawa idan ya kusa ƙarewa, wani lokaci har da ƙarar da ke hana barci. Maganinta sayen kati, ba ta buƙatar dogon bayani.

Ta ukun ita ce ta gargaɗi, kuma a kanta na sha wahala. Wata bazara, bayan an yi wa shagon gyaran wayoyi, sai fitilar gargaɗin mitar babban sashe ta kama ta tsaya cak, wata alama kuma ta fito a gefen allon, ga kati yana ƙarewa da saurin da ba mu saba gani ba. Na kashe komai a sashen, na cire firji daga soket, na sauke babban makunnin gida, amma fitilar lissafi ta ci gaba da ƙiftawa a hankali. Da dare, bayan tela ya rufe shago, sai ta tsaya. Wannan ne ya sa na kira wani dattijon mai gyaran wuta, ba wanda ya yi aikin farko ba. Ya zo da na'urar awo mai baki kamar ƙaguwa, ya maƙala ta a wayar da ke kawo wuta daga mita bai ga komai ba, ya maƙala a wadda ke mayar da ita, wadda suke kira nutural, sai ga wuta tana bi.

Ya ce mini, "Malam, mitarka lafiyarta ƙalau, kuma ba ta yi maka ƙarya ba. An haɗa nutural ɗin shago da naku a cikin silin."

Na ce, "Baba, to me ya kawo wutar shago cikin lissafina, alhali yana da mitarsa?"

Bayanin da ya yi mini shi ne, mitocin kati da yawa suna auna wutar da ta shiga ta waya ɗaya da wadda ta fita ta ɗayar, domin a gidan da aka yi wa waya daidai dole biyun su zo ɗaya. Idan suka bambanta sosai, mita takan ɗauka an zagaye ta ne don satar wuta, sai ta kunna fitilar gargaɗi, ta kuma yi lissafi da wanda ya fi yawa a cikin biyun. Wutar keken ɗinki da dutsen gugar tela tana shiga ta mitarsa, amma wani kasonta yana komawa ta tamu, saboda haka mu biyu muke biyan wuta ɗaya. Irin wannan alamar tana fitowa kuma idan waya ta salube tana zubar da wuta cikin bango ko ƙasa, ko idan mai haɗa inbata ko janareta ya bar nutural a haɗe ta inda bai kamata ba. Da ya raba wayoyin a akwatin haɗi na cikin silin, alamar ta ɓace da kanta, ba tare da an taɓa mitar ba. A ganina duk gidan haya mai mita fiye da ɗaya ya kamata a yi masa wannan gwajin na sauke makunni bayan kowane gyara, tun kafin a sallami mai aikin.

Akwai wani gargaɗin da ba ya ɓacewa da kansa. A ƙasan mita akwai murfin da ya rufe wurin ɗaure wayoyi, an kulle shi da hatimi, kuma a cikinsa akwai ɗan makunni da ke sanar da mita an buɗe ta. Da zarar an ɗaga murfin, ko da da kyakkyawar niyya, sai ta shiga halin da ma'aikata ke kira tamfa, ta katse wutar gida alhali yunit yana nan cike a allo. Babu katin da za a saya ya dawo da ita. Sai kamfanin rarraba wuta ya turo an duba, sannan ya ba da wasu lambobi 20 na musamman da ake dannawa kamar kati. Wani mai haya ya taɓa kawo yaron gyara don ya ɗaure masa waya mai motsi a wurin, na iske su da sukundireba a hannu na tsayar da su, domin bayan zaman duhu akwai kuma tara, kuma Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ɗauki taɓa mita ba bisa izini ba a matsayin laifi. Daga hatimi zuwa falwaya hurumin kamfani ne. Namu yana farawa daga inda waya ta bar mita ta shiga gida.

Ɗaukewar wuta ta ɗan lokaci ma tana zuwa da fitilar gargaɗi. Idan aka haɗa injin jan ruwa da hita da dutsen guga a lokaci guda, nauyin ya wuce iyakar da aka saita wa mita, za a ji ta yi ƙas ta katse, ta ɗan jira ta sake gwadawa, idan ba a rage kaya ba kuma ta ƙara tsawon jiran. Haka wasu mitocin suke yi idan ƙarfin wuta ya kauce sosai daga bolt 230 da ya kamata ya iso gida. A nan allon ya fi fitila amfani, tun da ana iya danna gajerun lambobi a ga ƙarfin wutar da nauyin da ke kai. Lambobin sun bambanta daga samfuri zuwa samfuri, shi ya sa na kwafi na kowace mita daga takardar da ta zo da ita na manna a bango kusa da ita.

Mitar sashen baya kuwa a saman falwaya take, abin da ke cikin ɗaki 'yar na'urar danna lambobi ce kawai, wadda ke magana da uwar mitar ta cikin wayoyin gidan. Yawancin abin da ake kira lalacewar irin wannan mita yankewar maganar ce. Idan yunit ya ƙare wuta ta ɗauke, na'urar tana buƙatar batir mai rai, kuma dole a sa ta a soket ɗin bango a kunna shi, sannan makunnin sauya layi ya kasance a ɓangaren wutar kamfani, domin muddin gida yana kan inji ko inbata saƙon ba zai isa falwaya ba. Ƙin karɓar kati ma ba kullum lahani ba ne. A da, kowane kati na tsarin STS, wato tsarin da mitocin kati ke bi wajen karɓar lambobi, yana ɗauke da ƙidayar mintoci da ta faro daga shekarar 1993, kuma ƙidayar ta cika a ranar 24 ga Nuwamba, 2024, shi ya sa aka raba wa masu mita jerin lambobi biyu na sauya mabuɗi da ake shigarwa bi da bi kafin sabon kati ya shiga.

Idan abin ya zama na kamfani, nakan ɗauki hoton allon da fitilar da ke kunne, in rubuta lambar mita da ranar da abin ya fara, in kai ofishin ƙorafi in karɓi shaidar an karɓa, saboda da wannan shaidar ake wucewa gaba zuwa hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki idan ba a samu biyan buƙata ba.

Abin da nake tsoro fiye da kowace fitila shi ne wanda mita ba lallai ta yi gargaɗi a kansa ba: ƙaurin roba, murfi da ya yi baƙi ko ya ɗauki zafi, ko ƙwayayen gida da suka yi haske fiye da ƙima suna ƙonewa a jere. Na farko alama ce ta waya mai motsi da ke tartsatsi a ciki. Na ƙarshe yakan faru idan nutural ya tsinke a layin unguwa, inda wutar da ke isowa gida kan haura ta doshi bolt 400, ta ƙona firji da talabijin cikin ɗan lokaci. Na gaya wa kowa a gidan, har da tela da yaransa, cewa duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya fara sauke babban makunni, ya nisanci mitar, sannan ya kira ni, ni kuma in kira layin gaggawa na kamfani.