Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kuza ta Biyo Ni Japan

A makon jiya mun tsaya inda Sensei, wato malamina, ya damƙa mini makullin ɗakin tanderu, ya ce daga yau toya samfuri aikina ne. Abin da muke nema shi ne sababbin haɗe-haɗen ƙarafa waɗanda idan sanyi ya kai musu matuƙa, wutar lantarki ke ratsa su babu turjiya ko ƙanƙani. Kamerlingh Onnes ne ya fara ganin haka a jikin zaiba a 1911, a birnin Leiden na ƙasar Holan, a digiri 4.2 na ma'aunin Kelbin, wanda ke fara ƙirga daga iyakar sanyi.

A ɗakinmu ba a raina kowane gari. Dalili kuwa, a 2001 Jun Akimitsu da ɗalibansa a Tokyo sun gwada haɗin magnesiyom da boron, wanda aka daɗe da sani har ana sayar da shi a kwalba, sai ga shi ya zubar da turjiya a digiri 39. Kusan shekaru hamsin yana ajiye, ba wanda ya gano haka.

Rabona ya faɗa kan haɗin ƙarfe uku, ɗaya daga ciki kuza. Ranar da na fara buɗe kwalbar, sai da na ɗan tsaya. Mahaifina a ramin kuza ya ƙare ƙuruciyarsa a Bukuru, yana wanke ƙasa da kwano. Da na kira shi na gaya masa cewa kuza da niyobiyom, wanda ake cirewa daga kolombait ɗin da su ma suka haƙa, su ne aka haɗa a 1954 aka sami ƙarfen da ke zubar da turjiya a digiri 18, kuma da shi ake naɗa manyan maganaɗisu har gobe, shiru ya yi. Can ya ce, "Ɗan nan, mu dai awo muka sani. Ba wanda ya taɓa gaya mana inda take zuwa." Maganar nan ta daɗe tana cina.

Aikin kansa haƙuri ne zalla. Zan auna ƙarafan, in zuba kuza fiye da kima, in rufe cikin bututun gilashi bayan an zuƙe iska, in kai zafi wajen digiri 1000 na Salsiyos. Daga nan a riƙa sauke zafin sannu-sannu, kwana da kwanaki, ƙwayoyin suna fitowa cikin narkakkiyar kuza kamar yadda gishiri ke fitowa idan ruwa ya ƙafe. Sai a zaro bututun da zafinsa, a kifa shi cikin injin juyi ya watsar da sauran kuzar. Abin da ke saura ƙwayoyi ne masu ƙyalli, ba su kai ƙwayar gero biyu ba, da hantsaki ake ɗauka.

Wani dare, na'urar auna maganaɗisu tana saukar da sanyi da ruwan hiliyom, sai layin da ke kan kwamfuta ya karye ya gangara ƙasa da sifili. Wannan ita ce alamar da Meissner da Ochsenfeld suka gano a 1933: ƙarfen ya kori maganaɗisu daga cikinsa, kamar yadda ƙarfen da ya zubar da turjiya ke yi. Hannuna har rawa yake lokacin da na buga takardar.

Da safe Sensei ya duba, tambaya ɗaya ya yi: "A digiri nawa ya karye?" Ya yi gaskiya da ya tambaya. Ita kanta kuza tana zubar da turjiya a digiri 3.7 na Kelbin, kuma ɗan ɓurɓushinta da ya manne a jikin ƙwaya ya isa ya yaudari na'ura. Namu ya karye sama da nan, amma hakan bai ishe shi ba. Ya sa na wanke ƙwayoyin da asid, na niƙa wasu aka haska musu eksire don tabbatar da tsarinsu, sannan a auna yadda suke shan zafi. Idan gangar jikin ƙarfen ce ta canza gaba ɗaya, dole a ga tsalle a wannan awon, daidai wurin da layin ya karye.

Na'urar wannan awon ɗaya ce tal a ginin, layinta kuma ya kai ƙarshen wata. Na rubuta sunana a ƙasan takarda, na koma na kunna tanderu. Mu haɗu mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku ji abin da awon ya nuna.