Saƙon godiya bayan rasuwar kakarmu Iya

Assalamu alaikum. Sai yau, bayan an tashi daga zaman makoki an naɗe tabarmi, na samu natsuwar da zan rubuta wannan godiya a madadin iyayenmu da mu jikoki. Yawancinku kun bi mu da addu'a tun daren da muka ɗauko Iya daga ƙauyenmu na ƙasar Bichi zuwa asibiti a Kano, har kwana goma sha tara da ta yi tana jinya, saboda haka ba zan maimaita abin da kuka riga kuka sani ba. Allah ne Ya ba mu ita, Shi ne kuma Ya karɓi abarSa.

Iya ba ta san shekarar haihuwarta ba. Idan an tambaye ta, sai ta ce tana amarya aka yi rasuwar Sarki Alhaji, wato Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda ya rasu a 1953, kuma da wannan muke ƙiyasin ta haura tamanin da biyar. A gona ta tashi, a gidan manomi aka kai ta aure. Ta ga zamanin da gyaɗar ƙauyuka irin namu ke tara dala a Kano, ta ga farin 1973 da ya bar rumbuna wayam, ta kuma ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. A cikin waɗannan shekarun kakanmu ya rasu ya bar mata 'ya'ya shida, ta riƙe su da gayaunarta da ƙuliƙuli da man gyaɗar da take matsewa da hannunta. Har ta bar duniya da sule da fam take lissafi, duk da cewa naira ta zo tun 1973, amma ba ta taɓa kuskure a lissafin zakka ba: dami goma, ɗaya na Allah ne, kuma sai an fitar da shi kafin a zuba ko zangarniya ɗaya a rumbu.

Na san a al'adarmu ba a ware wani a gaban jama'a wajen godiya, amma akwai wadda zuciyata ba za ta bar ni in yi shiru a kanta ba. A daren da numfashin Iya ya fi tsananta, wajen ƙarfe uku, ta buɗe ido ta kira ni da sunan wasan da take kirana tun ina yaro, ta ce, "Maigidana, ban yi isha ba." Likita ya hana a motsa ta, jikinta kuma ba zai ɗauki ruwa ba. Na tsaya jikina yana rawa, domin tsorona shi ne ta cika da wannan damuwar a ranta. Nas ɗin da ke aikin dare ta ji mu, ta fita ba tare da ta ce komai ba, ta dawo da ƙasa mai tsabta a faranti, ta durƙusa ta kama hannuwan Iya ta ɗora a kai har ta yi taimama, sannan ta gyara mata kwanciya ta fuskanci alƙibla. Iya ta yi sallarta da ishara, fuskarta ta saki. 'Yar'uwa, ban ma tambayi sunanki ba a wannan ruɗanin, amma Wanda ya san shi ba Ya mantuwa. Allah Ya haɗa ki da mai riƙe miki hannu a ranar da kike buƙata.

Muna godiya ga matasan ƙauyenmu da suka yi gayya suka cire gyaɗar gayaunarta muna asibiti, ba tare da kowa ya roƙe su ba. Muna godiya ga limaminmu, da matan da suka yi mata wanka da sutura, da waɗanda suka haƙa kabari, da maƙwabtan da suka hana mu ɗora tukunya har kwana uku. Likkafani kuwa ba mu saya ba, domin a ƙasan akwatinta muka same shi a ninke, ta tanade shi da kuɗin gumin kanta shekaru da dama.

Ga 'yan'uwan da saƙon waya kaɗai ya iso daga gare su, mun karɓa, mun kuma ba ku uzuri. Sai dai ba zan ɓoye ba, ta yi ta tambayar wasu daga cikinku da sunayenku, ku da buhun geronta bai taɓa fashin zuwa gidajenku ba duk kaka.

Duk wanda yake bin Iya bashi, ko da na mudun gero ne, don Allah ya zo ya sanar da kawunmu a gida. Wanda ta ɓata wa rai kuma muna roƙa mata yafiya.

Ya Allah Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta Ka haskaka shi, Ka karɓi sallolinta da zakkarta, Ka sada ta da kakanmu a Aljannar Firdausi. Waɗanda suka taka ƙafa suka zo, Allah Ya ba da ladan zumunci, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.