Kofin da bai taɓa barin ƙasashe biyu ba

A 1967 aka fara buga Kofin Turai na korfbol, gasar da ke haɗa zakarun kulob-kulob na ƙasashen nahiyar, kuma duk tsawon shekarun nan kofin bai taɓa fita daga hannun Holan da Beljiyam ba. A tsakanin su biyun ma Holan ce ta kwashe kaso mafi tsoka. Na bi diddigin wannan ne saboda ƙaramin kulob ɗin unguwarmu a nan Holan, inda nake wasa a rukunin masu motsa jini, ya ɗora mini haɗa taƙaitaccen tarihin gasar don a manna a ɗakin shan shayi. Suka ce tunda ni ne sarkin tambaya, in je in nemo amsa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, wasan kwando ne amma ba irin na Amurka ba. Kwandon yana saman sanda mai tsayin mita 3.5, babu allo a bayansa, kuma ana iya jefawa ta kowane gefe. Kowace ƙungiya mutum 8 ce, maza 4 mata 4. Wani malamin makaranta a Amsterdam, Nico Broekhuysen, shi ya ƙirƙiro shi a 1902 don ɗalibansa maza da mata su yi wasa tare. An nuna shi a gasar Olamfik ta 1920 a Antwerp da ta 1928 a Amsterdam, sannan aka kafa hukumarsa ta duniya a 1933.

Jerin zakarun bai ba ni wahala ba, sai dai ya gundure ni. Sunaye ne ke ta maimaita kansu: PKC ta garin Papendrecht, TOP ta Sassenheim, Fortuna ta Delft. Kulob-kulob na Ingila da Fotugal da Jamus suna zuwa, su yi iya yinsu, su koma gida suna murna in sun samu na uku. Dalilin wannan tazara ba ya cikin takarda. A fili na gane shi, da ƙafafuna.

Dokar da ta fi ba ni wuya ita ce ba a gudu da ƙwallo, ba a kuma buga ta da ƙasa ana tafiya. Da ta shigo hannunka ka tsaya ke nan. In mai tsaronka ya matso har hannunsa na iya kaiwa gare ka, yana tsakaninka da sandar, ya ɗaga hannu, to ba ka da ikon jefawa, ko da ka fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Ni da na taso da ƙwallon ƙafa a layi, inda gwani shi ne mai yanke mutum uku shi kaɗai, sai na zama ɗan kallo a tsakiyar fili. Wata dattijuwa da ta kusa haifata takan sulale ta bayan sanda, ta karɓa, ta jefa, kafin in juyo ƙwallo ta faɗa kwando. Tun tana firamare take wannan abu, iyayenta a kulob ɗin suka yi wasa, jikokinta kuma ga su can a ƙaramin fili ranar Asabar. Wasan da ya dogara kan sanin inda abokinka zai nufa tun bai motsa ba, ba a koyonsa da girma a cim ma wanda aka haifa a cikinsa.

Abin da 'yan gida suka fi tambayata a waya shi ne batun cakuɗuwa. Namiji namiji yake tsarewa, mace kuma mace, kuma ba a yarda da ture ko riƙo ba. Bayan kowace ƙwallo biyu da aka ci, masu kai hari su koma tsaro, masu tsaro su koma hari. Ƙungiyar da ta raina matanta tana wasa ne da rabin ƙarfinta, kuma manyan kulob ɗin Holan sun daɗe da sanin haka.

Dattawan kulob sun fi kowace takarda amfani gare ni. Ɗaya ya kai ni sito ya nuna mini tsohon kwando na saƙa, ya yi baƙi, bakinsa ya lanƙwashe, irin wanda ake amfani da shi kafin na roba mai ruwan ɗorawa ya zo. Ya ce a zamaninsu fili kashi uku ne, mutum 12 kowane ɓangare, a kan ciyawa, ko ana ruwa ko ana iska.

Daga kakar 2022/2023 hukumar korfbol ta duniya ta sauya wa gasar fasali da suna, ta koma Champions League mai matakai, inda kulob ke karawa da sa'o'insa kafin ya hau sama. A ganina gyara ne mai kyau, domin ba abin da ɗan wasa ke koya daga shan kashi da tazarar ƙwallo ashirin. Amma mai neman wanda zai girgiza Holan ya dubi Taiwan, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar duniya a 2023 a Taipei, kuma kulob ɗinta ba su da hurumin shiga gasar Turai.