"Wani na ciki ya faɗa min"

Har yau idan saƙo ya shigo wayata ya fara da "Malam, me mutuminka ya ce?" sai na ji cikina ya ɗuri ruwa. Babu wani mutumi. Ni na ƙirƙiro shi da babban yatsana cikin dare ɗaya, ya kuma ƙi mutuwa.

A kan wani shiri mai dogon zango abin ya faru. Ba zan faɗi sunan shirin ba, waɗanda suka san zancen sun san shi. An rufe zango na biyu da uban gidan ya kurɓi abin da ke cikin kofi ya faɗi, aka bar mu da tambayar wa ya sa gubar. Ni kuwa dama ina cikin masu bin shirin kamar karatu. Na sake kallon zangon tun daga farko, ina rubuta wanda ya shiga ɗakin da wanda ya fita. Da suka saki tallan sabon zango na tsayar da shi ya fi a ƙirga, har na hango hannun mace yana miƙa kofi, da wani siririn awarwaro. Na koma baya na samo awarwaron a hannun surukar gidan, wadda ba ta cika magana ba, wadda kowa yake tausayawa. A daren ban yi barci ba don murna.

Na rubuta hasashena a zauren masoya shirin da muke da shi a Facebook, da hujjoji a jere da hotuna. Ko a jikinsu. Mutum biyu suka yi dariya, wata ta ce in nemi aikin yi. Abin ya ƙona min rai, domin na tabbata na gano abin da ba wanda ya gano. Bayan kwana biyu na sake ɗora rubutun, ban canja komai ba sai layi ɗaya da na ƙara a sama: "Wani na ciki ya faɗa min, yana aiki a wurin ɗaukar shirin."

Layin nan shi ne duk labarin. Da na bar maganar a matsayin shaci-faɗi, da ta wuce kamar sauran ɗaruruwan da ake zubawa kowane mako, a yi musu a watse. Amma kafin gari ya waye an ɗauki hoton rubutun an watsa shi a WhatsApp, wasu da sunana wasu an yanke. Da yamma Yaya ta kira ni, ita da ba ta san ma ina rubutu ba, tana cewa, "Kai, ka ji ashe munafukar yarinyar nan ce? Wani ma'aikacinsu ne ya tona." Na ce, "Yaya, ki bi a hankali da irin wannan magana." Ta ce ai magana ce mai tushe. Na yi shiru, kuma gaskiya a lokacin daɗi nake ji.

Daɗin ya ƙare ranar da na leƙa shafin jarumar da ta fito a matsayin surukar. Ta sa hotonta na yau da kullum, ba ruwansa da shirin, amma a ƙasa zagi ne ba na wasa ba: maciya amana, mai fuska biyu, har da masu yi wa iyayenta. Wasu sun manna hoton rubutuna a matsayin hujja. Na san masu kallo sukan kasa raba jarumi da rawar da yake takawa. A 2013 Anna Gunn, wadda ta fito a matsayin Skyler a shirin Breaking Bad na Amurka, sai da ta rubuta a jaridar New York Times yadda tsanar matar cikin shirin ta koma kanta har da barazana. Na san wannan sarai, na sha ba wasu labarinsa ina taƙamar sani. Ita dai waccan aƙalla a kan abin da aka nuna a allo ake tsanarta. Wannan kuwa a kan abin da ni na zauna na ƙago.

Sai ga ranar ta zo. Ashe ba ita ba ce, ɗan marigayin ne. Hannun da na hango nata ne, awarwaron ma nata, amma magani take miƙa wa wata mara lafiya a wata fitowa daban. Mai tace hoto ne ya haɗa hannunta da faɗuwar tsohon don irina su faɗa rami, na kuwa faɗa da ka. Wanda duk yake son gina hasashe a kan talla ya riƙe wannan: an yi tallan ne don ya ɓatar da kai. Tsohuwar dabara ce. A watan Maris na 1980 aka harbi J.R., jigon labarin, a shirin Dallas na Amurka, masu kallo suka yi wata takwas suna cacar baki har da caca ta kuɗi, su kuwa masu shirin suka ɗauki jarumai da dama kowa yana harbin, don ko ma'aikatansu kada su san gaskiya. Sai ranar 21 ga Nuwamba aka bayyana ƙanwar matarsa ce, mutum fiye da miliyan 80 suna kallo. Ke nan ko da a ce ina da na ciki na gaske, ba lalle ya sani ba.

Na shirya shan zagi, na ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na sha kaɗan. Amma abin da ban taɓa zato ba, yawancinsu kare ni suka yi. Suka ce ai marubutan ne suka canja labari da suka ga asiri ya tonu. Aka koma zagin marubuci da darakta, ana cewa sun raina masu kallo, sun lalata shiri don gudun kunya. Na yi ta bayani cewa irin wannan fitowa an gama ɗaukarta tun kafin a saki talla, ba a tara jarumai da kayan aiki a sake ƙarshen labari saboda rubutun wani a waya. Ba wanda ya saurara. Na taɓa yi wa masoyan shirin Game of Thrones dariya lokacin da fiye da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu a 2019 wai a sake zangon ƙarshe. Yanzu na gane ciwon: idan mutum ya yi watanni yana reno labari a ransa, na allon ne yake zama na jabu.

Daga ƙarshe na rubuta gaskiya ƙarara, cewa babu wani na ciki, ni kaɗai ne da maɓallin tsayar da hoto. Na aika wa jarumar saƙon neman afuwa, ban ga alamar ta buɗe ba, kuma ban ga laifinta ba. A zauren kuwa aka yanke hukuncin cewa kamfanin ne ya yi min barazana na janye. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tawa dai har jikoki ta yi.

Ban daina hasashe ba, ba zan yi wata ƙaryar ba. Ina yi, ina kuma fara kowane rubutu da "a ganina", kuma ba na sa sunan jarumi na gaskiya inda sunan cikin shiri ya isa. Masu karantawa sun koma mutum biyun nan na farko. Shekaranjiya Yaya ta sake kira, an kusa rufe zango na huɗu. Bayan mun gaisa ta rage murya ta ce, "Na san ba ka son a sani, amma ni ai yayarka ce. Tambayar min shi ko za a yi auren nan."