Sati uku da na kwashe ina neman kuskure a lissafin MoS2

Ni fa ranar Maradi ce ta ja ni cikin wannan aiki. Watan Afrilu zafi ya haura digiri 40, ga fano na sola birjik a kan rufin gidaje, kusan duk na silikon. Da malam ya ce in gwada lissafin MoS2, wato molibdenum da salfa, falle ɗaya tak wanda kaurinsa bai kai nanomita 1 ba (kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), ban ma tsaya tunani ba na ce to.

Babu wani ɗakin gwaji, kwamfuta ce kawai da manhajar lissafi Quantum ESPRESSO, ita kyauta ce. Abin da nake nema tazarar makamashi, ita ke nuna irin hasken da abu zai iya sha. Ta silikon 1.1 eV ce (eV ma'aunin makamashi ne), wadda ta fi dacewa da fano kuma wajen 1.3. MoS2 in yana dunƙule tazararsa 1.2 ce kuma mai kwana, wato irin wadda ba ta barin abu ya sha haske cikin sauƙi, amma da an ɓare falle guda sai ta koma wajen 1.8 ta miƙe sak, shi ya sa yake shan haske sosai duk da sirantarsa.

To ni kullum mai kwana nake samu. Na canza wannan na canza wancan, in bar lissafi ya kwana yana tafiya, kuran ya ɗauke cikin dare batir ya mutu, da asuba in sake daga farko, haka har sati uku wallahi abin ya dame ni ƙwarai. Ashe manhajar maimaita fallen take yi sama da ƙasa ba iyaka, ni kuma filin da na bari tsakaninsu ya yi kaɗan, sai fallayen suna jin juna kamar dunƙulallen. Malam ya duba fayil ɗin ya ce "kai, buɗa shi zuwa angistirom 15 ko 20". Angistirom 10 ne nanomita 1. Malam ya ƙara da cewa ragar maki, wato wuraren da manhajar ke yin lissafi a kansu, ta zama mai rabuwa da 3, kamar 12×12×1, don ta faɗa kan makin da ake kira K, inda tazarar take.

Washegari 1.7 ta fito, miƙaƙƙiya. Na yi murna sosai, amma malam ya ce kar in saki jiki, hanyar lissafi ta PBE da na bi rage tazara take yi, kusancin da ta yi da 1.8 na gwaji a nan dace ne kawai. Yanzu ina ajiye lissafin a tsakiya saboda kuran, kuma WS2, wato tungsten da salfa, na sa a gaba.