Filastar nan mai launi da yaran ƙwallo suka ƙwallafa wa rai

Ina horar da yara ƙwallo da yamma a unguwar Zariya, nan Maraɗi, kuma yanzu da wuya mako ya wuce wani bai zo fili da filasta shuɗiya ko ja manne a gwiwa ba. Wasu ko ciwon ma babu, gayu ne kawai. Da ma manyansu sun gani jikin Balotelli, ɗan wasan Italiya, a gasar Turai ta 2012, ranar da ya ci Jamus ya tuɓe riga, ga layuka shuɗɗa a gadon baya.

Abin ya girmi Balotelli nesa ba kusa ba. Wani ɗan Japan, Kenzo Kase, shi ya ƙirƙiro ta a shekarun 1970, sai wasannin Olamfik na Beijin a 2008 suka tallata ta ga duniya. Auduga ce da zaren roba, tana miƙewa ta tsawo, ba ta ɗaure gaɓa tamau yadda bandeji ke yi. Masu ita sun ce tana ɗan ɗaga fata, kumburi ya samu hanyar sacewa, zafi ya ragu. Masu bincike kuwa da suka gwada, sauƙin da suka gani kaɗan ne, sau da yawa bai fi na filastar da aka manna haka kawai ba. Launin kuma ado ne, ja ba ta fi baƙa ƙarfi ba, duk da gardamar da yarana ke yi.

Na tsaya na kalli wani kine, wato ma'aikacin lafiya mai gyaran gaɓoɓi da tausa da atisaye, yana saka wa mai tsaron gidanmu ita a kafaɗa. Sai da ya goge wurin tas, don yaron ya sha man zafi, kuma gam ba ya kama fata mai maiƙo. Ya sa almakashi ya zagaye kusurwoyin kada riga ta kama su, ya ja tsakiyar kaɗan, bakin biyu ya kwantar ba ja, sannan ya murza da tafin hannu har ta yi ɗumi. A takarda kwana 3 zuwa 5 take yi. A zafin Afrilu na garin nan, ga gumi ga ƙura, in ta kwana biyu a gode Allah.

Abin da ya warkar da kafaɗar nan, a ganina, atisayen da kinen ya ɗora masa ne kullum safe da yamma. Filastar ta dai ba shi ƙwarin gwiwar ɗaga hannu, kuma wannan ma ba abin rainawa ba ne.

Inda ba na sassauci shi ne targaɗen idon sawu. Yaron da ya kasa taka ƙafa, wuri ya haye, ba filasta, ba mai ɗori, asibiti za mu a ɗauki hoto a tabbatar ƙashi bai tsage ba. Ba a manna ta kan rauni ko ƙuraje, in kuma ta fara ƙaiƙayi a cire, a hankali, a bi kwanciyar gashi.